Darasi na 6: Idan Haihuwa Ta Yi Jinkiri

Mu fara da karatu. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, saura su bi da ido.

Wata mata da mijinta suna zaune gaban likita. Shekararsu uku da aure, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. A cinyarta akwai jakar leda cike da takardun gwaji, wasu har sun fara yagewa a wurin ninki. An ɗebi jininta sau biyu, an ɗauki hoton mahaifarta, ta sha magani kala-kala. Likita ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago kai ya dubi mijin.

"Malam, ina naka takardun?"

"Nawa kuma, likita? Ai ni rakiya na yo. Lafiyata ƙalau."

"To madalla. Wa ya auna ka ya faɗa maka haka?"

Mijin ya yi shiru. Matar ta sunkuyar da kai tana murza bakin jakar. Can ta ce a hankali, "Maigida, ka bari a duba. Ni dai an gama duba ni."

A nan za mu tsaya da labarin. Tambayar da likitan ya yi ita ce darasinmu na yau.

Yaushe ake cewa an yi jinkiri?

Ba kowane jinkiri ne ciwo ba. Ko da miji da mata lafiyarsu lau, ba dole ba ne ciki ya shiga a watan farko ko na biyar. A cikin ma'aurata 10 da ke saduwa a kai a kai ba tare da maganin tazarar haihuwa ba, fiye da 8 suna samun ciki cikin shekara ɗaya, idan matar ba ta kai shekara 40 ba. Daga cikin waɗanda suka rage, kusan rabi suna samu a shekara ta biyu. Saboda haka amaryar wata huɗu da aka fara yi wa kallon ciki, an takura mata ne kawai.

Ma'aunin likitoci shi ne wata 12. Idan an cika shekara ana tare ba a samu ba, lokacin zuwa asibiti ya yi. Idan matar ta haura shekara 35, kada a jira shekara, wata 6 ya isa, domin ƙwan mace yana raguwa da shekaru. Haka kuma macen da al'adarta ke tsallake watanni, ko take zuwa da ciwon mara mai kayar da ita, ba ta da dalilin jira.

Kuma abin ba na gida ɗaya ba ne. A shekarar 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoto cewa kusan mutum 1 cikin 6 na manya yana gamuwa da matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma ƙasashe masu arziki da matalauta kusan duk ɗaya suke a wannan. Ku ƙirga mutanen da ke cikin ajin nan, ku raba shida.

Yadda ciki ke shiga

Mace tana da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, ɗaya dama ɗaya hagu. Kusan kowane wata ɗayarsu tana sakin ƙwai guda, ƙarami ƙwarai, da ƙyar ido zai gan shi. Ƙwan yana shiga wani siririn bututu da ya nufi mahaifa. A cikin bututun nan ne yake haɗuwa da ƙwayar haihuwa ta namiji, daga nan ya gangara ya manne a jikin mahaifa. Idan ba su haɗu ba, shimfiɗar da mahaifa ta tanada sai ta zube. Jinin al'ada ke nan.

Ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ƙwan mace ba ya wuce kwana ɗaya da rai bayan ya fito. Ƙwayoyin namiji kuwa suna iya kai kwana 5 a jikin mace suna jira. Ke nan a duk wata, kwanakin da ciki ke iya shiga kusan 6 ne kacal: kwana biyar kafin fitowar ƙwai, da ranar da ya fito. Magidancin da aiki ke raba shi da gida, yana dawowa kwana biyu a wata, yana iya shekara yana saɓani da kwanakin nan, alhali daga shi har matarsa babu mai ciwo.

Ƙwai yakan fito kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Jiki ma yana ba da alama: a kwanakin, mace takan ga wani ruwa garai-garai mai santsi da yauƙi, yana miƙewa tsakanin yatsu biyu. Wannan ba ciwon sanyi ba ne, kada a nema masa magani. Wanda lissafi ya yi wa nauyi kuma, akwai hanya mai sauƙi: saduwa duk bayan kwana 2 ko 3 a tsawon watan, ba za a kuskure kwanakin ba.

Ɓangaren namiji

A nan zan daɗe, domin nan ne aka fi tsallakewa.

A kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa wuya, akwai matsala a jikin namiji, ko shi kaɗai ko tare da ta matarsa. Amma ku duba layin masu neman haihuwa a kowane asibiti, ku ga su wa suka cika shi. Abin da ke ruɗin maza shi ne suna haɗa ƙarfin saduwa da ƙarfin haihuwa, alhali abu biyu ne daban. Ruwan maniyyi da ake gani, mafi yawansa abin ɗauko ne kawai. Ƙwayoyin haihuwa ɗan ƙaramin kaso ne a cikinsa, kuma ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Namiji yana iya zama ƙaƙƙarfa, bai taɓa gazawa ba, maniyyinsa da yawa, amma a duba a tarar ƙwayoyin kaɗan ne, ko ba sa motsi, ko babu su sam. Kauri ko tsinkewar maniyyi ba ya nuna komai. Awo ne ke nunawa.

Wani zai ce, "Ai na taɓa haihuwa." Gaskiya ne, amma jikin bara ba shi ne na bana ba. Ciwon sanyi da aka yi sakaci da shi yana iya toshe hanyar da ƙwayoyin ke bi. Ciwon siga, ƙiba mai yawa, taba sigari, barasa da ƙwayoyin maye duk suna rage su. Akwai kuma kumburin jijiyoyin jini a cikin jakar maraina, galibi a gefen hagu, wanda in an taɓa sai a ji kamar tarin tsutsotsi a jaka. Yana cikin dalilan da aka fi samu, kuma ana yi masa aiki.

Maraina suna rataye a waje ne don dalili: suna bukatar sanyi fiye da sauran jiki, da kamar digiri 2 zuwa 3. Zama kullum kusa da wuta mai zafi, ko zazzaɓi mai tsanani, yana iya rage ƙwayoyin na ɗan lokaci. Sannan a yi hattara da allurar ƙara ƙarfin namiji ko ta gina tsoka. Sinadarin da ke cikinta, wato testosterone, idan ya shigo daga waje sai jiki ya ɗauka ya wadatu, maraina su dakatar da aiki. Mutum ya je neman ƙari ya dawo da ragi.

Gwajin kansa ba shi da allura, ba shi da ciwo. Za a ce mutum ya ƙaurace wa saduwa na kwana 2 zuwa 7, a ba shi kwalba mai tsabta, ya kawo maniyyin cikin awa ɗaya. A ɗakin gwaji za a duba yawan ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu. Idan sakamako bai yi kyau ba, ba a yanke hukunci da gwaji ɗaya. Jiki yana ɗaukar kusan wata biyu da rabi kafin ya ƙera sabbin ƙwayoyi, shi ya sa akan maimaita bayan kamar wata 3. Saboda wannan lissafin ne ma wanda ya bar taba yau ba zai ga canji mako mai zuwa ba.

A ganina, a fara da gwajin miji. Ya fi sauƙi, ya fi sauri, kuma rashin adalci ne a yi ta caka wa mace allura shekara da shekaru ba a taɓa duba rabin lissafin ba.

Tunda muna kan maganar, ga wata. Ƙwan mace kullum iri ɗaya yake ɗauke da shi, wanda masana ke kira X. Ƙwayoyin namiji ne kashi biyu, masu X da masu Y. Idan mai X ta riga isa, mace za a haifa. Idan mai Y ce, namiji. Matar da ta jera 'ya'ya mata ba ita ta zaɓa ba, shi ma mijin ba da saninsa ba.

Ɓangaren mace

Manyan dalilai biyu ne: ko ƙwai ba ya fitowa a kan lokaci, ko bututun ya toshe. Na farko yakan nuna kansa da rikicewar al'ada. Tazarar da aka saba gani tsakanin al'ada da al'ada kwana 21 zuwa 35 ce. Idan tana wuce haka sosai, musamman tare da ƙuraje a fuska, gashi a haɓa ko ƙiba, ko kuma nono yana ɗigar da ruwa ba shayarwa ake ba, a faɗa wa likita. Irin wannan sau da yawa magani na sha yana gyara shi. Ƙari a mahaifa ma yakan kawo cikas, amma mata da yawa suna da shi kuma suna haihuwa lafiya.

Toshewar bututu ita ce mai ban takaici, domin galibi da an hana ta. Wasu cututtukan da ake ɗauka ta saduwa suna zama a jikin mace ba ƙaiƙayi, ba wari, ba zafi, suna hawa sama a hankali har su bar tabo a cikin bututun. Ƙwayar cuta da ta shiga bayan haihuwa ko ɓari a wuri mara tsabta ma tana yin haka. Dokar maganin ciwon sanyin da ake ɗauka ta saduwa guda ce: a yi wa miji da mata tare, a shanye maganin duka, a dakata da saduwa har kwana 7 bayan an gama. Idan mutum ɗaya aka yi wa, ɗayan zai mayar masa, a koma gidan jiya.

Kada a cusa komai a gaba da sunan wankin mahaifa ko buɗe ta. Mahaifa ba ta bukatar wanki, abin da ake cusawa kuwa yana iya ƙona wurin ko ya tura cuta ciki. Mace mai neman ciki ta tambayi ma'aikaciyar lafiya ƙwayar folik asid, maikrogiram 400 kullum tun kafin ciki ya shiga, tana kare ƙashin baya da ƙwaƙwalwar jariri.

A gaban likita kuma, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Ɓarin da aka taɓa yi, ciwon sanyin da aka taɓa sha, maganin da aka saya ba takarda, sau nawa ake saduwa a mako, duk a faɗa. Wani lokaci za a gama duk gwaji a ce ba a ga komai ba. Hakan na faruwa, kuma da yawa daga irin waɗannan suna samun ciki daga baya. Idan bututu ya toshe gaba ɗaya, akwai hanyar haɗa ƙwai da ƙwayar miji a ɗakin gwaji a mayar cikin mahaifa. Jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, Louise Brown, an haife ta a Ingila a 1978. Hanyar tana da tsada, kuma ba kowane karo take kamawa ba. Duk wanda ya yi muku alkawarin tabbas, ku riƙe kuɗinku.

Tun suna yara

Wasu matsalolin manya a ƙuruciya suke farawa. Uwa, in kina yi wa jaririnki wanka, ki taɓa jakar marainansa a hankali ki ji ko 'ya'yan biyu suna nan. Idan ɗaya bai sauko ba har ya kai wata 6, a kai shi asibiti. Aikin ya fi amfani idan an yi shi kafin yaro ya kai shekara ɗaya da rabi. Yaro ko saurayi da ciwo mai tsanani ya kama marainansa farat ɗaya, har da amai, kada a ce a bari gari ya waye. Mai yiwuwa jijiyar da ke riƙe da marainan ce ta murɗe, kuma cikin kamar awa 6 ake iya ceto marainan. Hangum ma, idan ya kama namiji bayan ya balaga, yakan sauka maraina ya kumbura su. Akwai rigakafinsa, a tambaya. Yaran da ke wasa a ruwan kududdufi ko tafki suna fitsarin jini, maza da mata, galibi tsargiya ce, tana iya taɓa gaɓoɓin haihuwa, kuma tana da magani.

Aikin aji da na gida

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku a littafinku: mahaifa, bututu, maraina, gwaji, tazara.

Ku tattauna: me ya sa mijin cikin labarin ya ce shi rakiya ya yo? Da kai ne ɗan'uwansa, me za ka ce masa?

Sai lissafi. Ranar da jini ya fara zuwa ita ce rana ta 1. Wata mata tana yin kwana 28 daga farkon al'ada zuwa farkon ta gaba. A cire 14 daga 28, saura 14. Ƙwanta yakan fito wajen rana ta 14, kwanakin samun cikinta kuwa daga rana ta 9 zuwa ta 14. Yanzu ku yi na mai kwana 32, da na mai kwana 26. Wannan lissafi kintace ne na mai neman ciki, kada a dogara da shi don hana ɗaukar ciki.

A gida, a sami kalanda da biro. Duk ranar da al'ada ta fara, a zagaye lambar ranar. A yi haka wata uku a jere, a ƙirga kwanakin da ke tsakanin zagaye da zagaye, a rubuta a gefe. Ranar zuwa asibiti a tafi da kalandar, ku biyu.