Hitar wanka tana yoyo: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara haka ake yi. Da iskar hunturu ta fara kaɗawa a ƙarshen Nuwamba, wayata ba ta hutawa. Daga Mabera, daga Arkilla, daga Runjin Sambo, maganar ɗaya ce: hita tana zubar da ruwa. Ba abin mamaki ba ne. A Sakkwato hita takan yi wata takwas ko tara ba a kunna ta ba, don a bazara ruwan tankin sama shi kaɗai ya isa ya ƙona mutum. A wannan zaman ne robobin ciki suke bushewa su tsage, yashi ya kwanta. Abin da ke ci mini rai shi ne, kafin in iso an riga an taɓa ta, kuma ɓarnar taɓin ta fi ta yoyon.

Na farko, wanda ya kusa kai ni lahira: buɗe murfi don an ɗauke wuta. Ina sabon shiga sana'ar gyaran famfo na je wani gida a Gawon Nama, na tarar babu wuta, na ce shi ke nan. Na kwance murfi, ƙafata cikin ruwa, hannuna kusa da inda wayoyi suke haɗuwa. Ashe yaron gidan ya tafi tayar da janareto. Ban san yadda aka yi ba, sai tsintar kaina na yi a jikin ƙofar bayi, hannuna na dama ya kwana uku ba ya riƙe cokali. Wutar gida bolt 230 ce, hita mai kilowat 7 kuma tana jan kusan amfiya 30, ga ruwa a ƙasa. Ɗauke wuta ba kashe wuta ba ne! Yanzu gidaje da yawa akwai janareto, akwai sola da inbata, NEPA ma ba ta sallama kafin ta dawo. Ni dai tun daga ranar, sai na sauke bireka, wato makunnin da ke yanke wuta, a babban akwatin wutar gida, na manna mata tef, na gaya wa mutanen gida da bakina, sannan in gwada testa a soket mai wuta don in tabbata tana aiki, kafin in ɗora ta kan wayar hita. Wasu abokan aiki suna cewa na cika tsoro. Su yi ta faɗa.

Bayan wuta, sai rashin haƙurin duba inda ruwan yake fitowa. Ruwa yana bin jikin abu ya gangara, inda ka ga ɗigo ba nan ne ramin ba. Kafin ka ɗauko sukundireba, tsaya ka lura da lokacin da take zuba. In tana ɗiga ko a kashe take, matsalar tana ɓangaren shigowar ruwa: mahaɗin bututu, ko robar matata, ko bawul ɗin da ke buɗe ruwa. In kuwa sai an kunna shawa take zuba daga ƙasan akwatin hitar, to abin yana gaba, wajen gwangwanin da ke dafa ruwa ko mafitarsa. Ni tsohuwar jarida nake yagawa in cusa a kowane mahaɗi bayan na share ko'ina ya bushe. Wadda ta fara jiƙewa ita ta tona asiri.

Yanzu ga wanda ya sa na zauna rubutun nan. A ƙasan gwangwanin akwai wata 'yar roba mai ɗan bututu da ke kallon ƙasa. Aikinta ta fashe. E, don ta fashe aka yi ta. In ruwa ya rasa hanyar fita, matsi ya taru, ita ce take buɗewa ta zubar da shi kafin gwangwanin ya tsage. To me mutanenmu suke yi? Sai su ga ruwa yana fita ta nan, su kawo gam mai haɗi biyu su liƙe, ko su tura tsinke, ko su ɗaure da robar taya. Kai bawan Allah, ƙofar da aka bari don gudun gobara ita ka toshe da bulo?

Ba zan yi ta faɗa kamar ni ban taɓa yi ba. Na yi, a gidan surukina ma. Ana sanyi, tsoho yana son ruwan alwalar asuba, kayan gyara ba su kusa, na liƙe wurin da gam na tafi ina jin na burge. Kwana biyu aka kira ni. Gwangwani ya tsage ta gefe, ruwa ya feshe wayoyi, komai ya ƙone. Tsoho ya dube ni ya ce, “Malam, mi kay yi ma wagga hita?” Na sunkuyar da kai na ce, “Baba, a yi haƙuri, laifina ne.” Sabuwa na saya da kuɗina, kunyar kuma har yau ban gama biya ba.

Da na kwance kan shawar a ranar, rabin hudojinsa a toshe suke da farin abu mai tauri kamar alli. Shi ne mai laifin tun farko. Ƙasarmu ta farar ƙasa ce, da ita ake yin siminti a Kalambaina, ruwan burtsatse a wasu unguwanni kuma yakan bar wannan farin a buta da tukunya, balle a ƙananan hudoji. Ƙara da yashi da ƙurar da ke shiga tankin da ba a rufe ba. Saboda haka in 'yar robar ta fashe, sabuwa ake sawa irin ta wannan hitar, ba ta komawa. Amma kafin ka sa, gyara abin da ya fasa ta, in ba haka ba gobe ma sai ta fashe. Ni ruwan tsamiya mai kauri nake jiƙa kan shawa a ciki ya kwana, da safe in goge da tsohon buroshi. Wasu ruwan khal suke sawa, wasu lemun tsami. Tsamiya ce a kowane gida, shi ya sa. Tiyo ma a cire a duba, wani lokaci daga waje lafiya lau, cikinsa kuwa ya lanƙwashe ya shaƙe.

Ɗan'uwan wannan kuskure shi ne sa famfo a bakin fitar ruwa, wai don a riƙa tara bokiti ana rufewa. Yawancin irin wannan hita an yi su ne bakinsu ya zauna a buɗe, ta ɓangaren shigowa ake tsayar da ruwa. Mai babbar hita ta tanki kuma, in ka ga bawul ɗin da ke bututun ruwan sanyi yana ɗiga lokacin da take ɗumama, aikinsa yake yi, ruwa ne ya kumbura. Sa masa siririn tiyo ya kai magudana, kar ka toshe.

Sauran ƙanana ne. Ɗigon da kan shawa yake yi na minti ɗaya ko biyu bayan an kashe, ragowar ruwan tiyo ne. Ɗaure mahaɗin roba da sufana har sai ya yi ƙara, tsaga shi kake yi, hannu ya isa sai ɗan ƙari. Farin tef ɗin da ake naɗawa a bakin bututu ba ya maye gurbin wosha, wato 'yar robar cikin mahaɗi. Tsohuwar roba in ta fita ta fita, kar a mayar. In bireka tana faɗuwa bayan yoyo, ba a ɗaure ta, a bar hitar ta bushe, a kira mai wuta ya auna.

In an gama gyara, a fara sakin ruwa a kan sanyi har iska ta fita ya gudana sosai, sannan a kunna zafi. Kunna ta ba ruwa a gwangwani yana ƙona ƙarfen ɗumamar. In kuma ka buɗe ka ga waya siririya irin ta soket, mai lambar kauri 2.5, ta yi baƙi a bakin mahaɗi, mayar da murfi ka bar bireka a ƙasa. Hita mai kilowat 7 waya mai 6 take so a ƙalla, da layinta ita kaɗai da wayar ƙasa, kuma wannan aikin mai wuta ne, ni kaina ba na yin sa.