Kurakuran da mutane ke tafkawa in sun buɗe taswirar sauro da kaska a intanet

Yanzu taswirorin nan sun yi yawa, ka buɗe ka danna kawai ka ga inda aka taɓa kama wani nau'in sauro ko kaska ko ƙudan tsando. Akwai VectorMap na masu binciken Walter Reed a Amurka, akwai GBIF mai hedikwata a Denmark wanda shi kusan kowace halitta yake tarawa, ga na ECDC hukumar yaƙi da cututtuka ta Turai, ga Malaria Threats Map na Hukumar Lafiya ta Duniya WHO. Duk kyauta ake shiga. Amma wallahi yadda ake karanta su sai ka riƙe baki, har ɗaliban da ke rubuta furojet da su.

Babban kuskuren dai shi ne mutum ya ga fili fayau babu ɗigo ko ɗaya a wani yanki sai ya ce shikenan babu wannan kaskar a can. Ina! Kafin ɗigo ɗaya ya hau taswira sai da wani ya tashi ya je wurin da tarko ko ya ja farin ƙyalle a kan ciyawa, ya kamo, ya duba a madubin likita ya gane ko wace iri ce, ya rubuta wuri da rana, sannan wani ya zauna ya shigar a kwamfuta, in ɗaya daga cikin waɗannan ya faɗi to babu ɗigo ko da ƙwaron ya cika wajen maƙil. Shi ya sa za ka ga ɗigo sun yi cincirindo kusa da manyan hanyoyi da jami'o'i da tashoshin bincike, daji mai nisa kuwa shiru. Duba labarin kaskar Asiya da ake kira Haemaphysalis longicornis, a 2017 aka ba da sanarwar ganin ta a jikin wata tunkiya a New Jersey, kowa na cewa sabuwar baƙuwa ta iso, da aka koma aka tono tsofaffin samfura sai ga wadda aka cire tun 2010 a West Virginia an saka mata sunan wata kaska daban. Duk tsawon shekarun nan taswira na cewa babu ita alhali tana nan.

Gyaran ba wuya. Ka share sunan da ka saka ka nemi wani nau'i da kowa ya san yana ko'ina a wannan yankin, in shi ma ka ga wayam to ba a taɓa zuwa dubawa ba ne kawai. Kuma ka karanta ɗan akwatin nan na gefe mai bayanin launuka, mutane ba sa son karanta shi ban san dalili ba. A taswirar ECDC misali launin inda ƙwaro ya zauna daram daban, na inda aka shigo da shi bai kafu ba daban, na inda aka nema aka rasa daban, sai kuma na inda babu bayani kwata-kwata.

Juyin wannan shi ma kuskure ne, wato ka ga ɗigo sun yi yawa ka ce nan sauro ya fi yawa. Galibi masu wayar da ke ɗaukar hoto su tura manhajar tara hotunan halittu ta iNaturalist ne suka fi yawa a wajen, ko kuma bincike ɗaya ne aka shigar sau biyu ta hanyoyi daban.

Sai maganar shekara. Yawancin taswirorin in ba ka tace ba za su zubo maka komai a haɗe, abin da aka kama zamanin kakan kakanka da na bara duk launi ɗaya. A 1930 an samu sauron maleriya na Afirka ɗan gidan Anopheles gambiae a garin Natal na Brazil, ya yi ɓarna sosai, aka yi masa taron dangi har aka kawar da shi wajajen 1940. Wanda ya ci karo da irin wannan tsohon rikodin bai duba shekara ba sai ya ɗauka har yau yana can. In ka iya wasa da ma'aunin shekarun nan kuwa anan daɗin taswirar yake, ka ja shi a hankali ka ga yadda sauron maleriya na Asiya Anopheles stephensi ya ɓulla a Jibuti a 2012, Habasha a 2016, Najeriya a 2020, Ghana a 2022. Ko sauron Aedes albopictus da aka fara gani a Turai a Albaniya a 1979 sannan Italiya a 1990, tsofaffin tayoyin mota da ake safara ne suka yi masa jigila don ƙwansa na jure bushewa. Amma fa ka tuna shekarar da aka gano shi ce kake gani, wataƙila ya riga ya iso da daɗewa.

Sunaye kuma su ne ke sa mutane zuciya su rufe shafin. Da sunan Latin ake nema, kuma masana na canza sunayen nan. Kaskar shanu da tsofaffin littattafai ke kira Boophilus microplus yanzu Rhipicephalus microplus ce, Aedes aegypti mai yaɗa shawara da dengi a wasu rubuce-rubucen Stegomyia aegypti za ka gani, don haka ka gwada duka biyun. Wanda ya fi rikitarwa shi ne gambiae, domin gida ne guda mai nau'o'i da dama da ido ba ya iya bambanta su sai an yi gwajin ƙwayar halitta, ko Anopheles coluzzii sai a 2013 aka raɗa masa suna nasa na kansa. In ka ga s.l. a bayan sunan to gidan gaba ɗaya ake nufi, s.s. kuma shi kaɗai. Kar ka haɗa su a lissafi ɗaya.

Wani abin dariyar shi ne zuƙowa. Mutum ya yi ta zuƙo taswira har ɗigo ya sauka kan rufin wani gida ya ce a nan aka kama. Tsofaffin samfura da yawa sunan lardi ko ƙasa kawai aka rubuta a jikin kwalbar, mai shigarwa sai ya dasa ɗigon a tsakiyar lardin, shi ya sa wani lokaci rikodi rututu ke zaune a wuri ɗaya tak. In an bar gurbin lambobin da ke nuna wuri a taswira da sifili sifili ɗigon yana faɗawa cikin teku kudu da Ghana, in aka manta alamar debewa a gaban lambobin kuma sauron Brazil sai ya tsallaka wata nahiyar. Danna ɗigon ka buɗe katinsa, akwai inda ake rubuta tazarar da wurin zai iya kaucewa da ita, da wanda ya tantance, da yadda aka kama. Ga kaska musamman ka duba a jikin me aka cire ta, don ana samun kaskar Hyalomma a Jamus da Suwidin wadda tsuntsaye masu ƙaura ne suka ɗauko ta daga kudu, ganin guda ɗaya ba ya nufin ta yi gida a can.

Sannan don Allah a daina ɗaukar taswirar ƙwaro a matsayin taswirar cuta. Har yau akwai Anopheles a Italiya amma tun 1970 WHO ta tabbatar ƙasar ta rabu da maleriya, sauro ba ya ba ka abin da bai ɗauko ba. Haka shimfiɗar launin nan ja da rawaya da wasu shafukan ke ɗorawa a kan taswira, hasashen kwamfuta ne da aka gina daga zafi da ruwan sama da ciyayi, yana nuna inda ƙwaron zai iya rayuwa. Kashe ta tukuna ka ga ainihin ɗigon da aka gina ta a kansu, in uku ne ko huɗu a faɗin ƙasa guda to ka san nauyin da za ka ba ta.

In rubutu za ka yi da bayanan kar ka tsaya a ɗaukar hoton allo, sauke fayil ɗin ka buɗe a Excel ka cire maimaici da marasa kwanan wata, ka kuma rubuta ranar da ka sauke don ana ƙara sabbin rikodi ana goge na kuskure, GBIF ma har lambar shaida yake ba kowane saukewa don wanda zai duba aikinka ya samu daidai abin da ka samu.