Fili Iya Ganinka, Amma Kowane Taku da Mai Shi

Ɗan'uwa, idan jirginka Winifeg ko Rijaina ya nufa, tun daga taga za ka ga ƙasa shimfiɗe kamar tabarma, an yayyanka ta gida-gida har ƙarshen gani. Mutanen Kanada suna ce wa yankin "Prairies", wato lardunan Manitoba da Saskacewan da Albata. Kalmar ta Faransanci ce, ma'anarta filin ciyawa na kiwo. Ka riƙe ta, don za ka ji ta a rahoton yanayi, a bakin direba, a sunan makaranta da na kanti.

Irin wannan ƙasa kowa da sunan da ya raɗa mata. Ta Rasha da Kazakistan "steppe" ce, ta Ajantina "pampas", a Afirka ta Kudu su ce "veld". "Savanna" da aka koya mana a aji daban take: tana da itatuwa jefi-jefi, rani da damina ke mulkinta. Nan kuwa hunturu ne sarki.

Mu ma ba matalautan kalma ba ne. Muna da fako, muna da fadama, muna da saura, muna da makiyaya. Matsalar ita ce da Bahaushe ya ga wuri ba gida ba mutum, sai bakinsa ya ce daji, daji kuwa a tunaninmu na kowa ne. To a nan kul! Kusan duk abin da idonka ya hango gona ce ko wurin kiwon wani, an auna, an rubuta. Tun dokar filaye ta 1872 gwamnati ta riƙa ba baƙi eka 160 a kan dala 10 kuɗin rajista, da sharaɗin su zauna su noma. Shi ya sa har yau manomi ba zai ce maka gonarsa babba ce ba, sai ya ce yana da "quarter" kaza, kowace ɗaya eka 160, huɗu su tashi "section" guda. A Saskacewan, daga 1 ga Janairun 2022, doka ta ɗora wa mai shiga nauyin neman izini tukuna, ko da babu shinge, babu allon gargaɗi.

Ni da ƙafata na koyi wannan. Wata Yuli ce, kanola, shukar da ake matse man girki daga ƙwayarta, ta yi fure, rawaya fatau har ta haɗe da sama. Na faka mota a gefen titi, na kutsa cikin gonar ina ta ɗaukar hoto. Ban yi minti goma ba sai ga wani dattijo a a-kori-kura. Bai ɗaga murya ba. Takalmina kawai ya nuna, ya ce akwai cutar saiwa da ke bin ƙasa, ƴar laka a dunduniya ta isa ta kwaso ta daga wata gona ta zuba a tasa, kuma in ta shiga sai ta shekara da shekaru. Na ba shi haƙuri, na fito ina jin kamar ƙasa ta tsage. Hoto daga bakin hanya ma ya wadatar.

Akwai ƙananan kalmomi da ba za ka tsinta a littafin jarrabawar Turanci da ma'anarsu ta nan ba. "Slough", a nan sulu ake furtawa, ɗan tafki ne da narkakken ƙanƙara ke cikawa. Agwagin daji da sauro duk can suke haihuwa. "Coulee" kwazazzabo ne. "Bluff" kuma, in mutumin Manitoba ko Saskacewan ya faɗa, ƴar kurmin itatuwa yake nufi a tsakiyar fili. In aka ce ka bi "grid road", hanyar tsakuwa ce miƙaƙƙiya sambal tsakanin gonaki, ka rage gudu, tana zamewa.

Amma kalmomin da suka shafi rai na hunturu ne. Fili ba dutse ba kurmi, iska ba ta da mai tare ta. Don haka in ka duba waya kada ka tsaya a lambar farko. Nemi "wind chill", sanyin da fata za ta ji idan iska ta haɗu da shi. Ma'auni na iya cewa 28 ƙasa da sifili, iska ta kai shi 40, a irin wannan kuwa kunne da yatsa a buɗe mintoci kaɗan suke buƙata su daskare. "Whiteout" shi ne iska ta tada dusar ƙanƙara har ka kasa ganin hancin motarka. Hazon da ka sani wasa ne. In ta rutsa da kai, zauna cikin mota, kada ka fita neman gida da ƙafa. Wayar lantarkin da za ka ga tana reto a gaban motoci ba lalacewa ba ce, ta ɗumama inji ce, a jona ta da daddare. Ƴan Kalgari, wani birni a Albata, suna da ɗan sauƙi, wata iska mai ɗumi da ake kira "chinook" kan sauko daga duwatsun Roki ta narkar da ƙanƙara cikin yini guda.

Nisa ma yaudara gare shi. Rijaina zuwa Saskatun kusan kilomita 260 ne, taswira kuwa ta nuna su kamar maƙwabta. Motocin bas na dogon zango na kamfanin Greyhound sun daina aiki a yammacin ƙasar tun 2018, saboda haka cika tanki kafin ka bar gari, ka ajiye bargo da ruwa.

Ainihin ciyawar da ta ba yankin suna saura kaɗan, garma ta cinye ta, kamar yadda aka kusa ƙarar da miliyoyin ɓaunan da ƙabilun Kiri da Bilakfut, ƴan asalin yankin, suka rayu a kansu. In kana son ganinta yadda Allah ya yi ta, akwai gandun Grasslands kusa da ƙauyen Val Marie a kudancin Saskacewan, inda aka maido da ɓauna a 2005, nan kam tafiya da ƙafa halas ce. Sai dai in Mayu ko Yuni ne, cusa ƙafar wando cikin safa, ka kuma duba jikin yara da dare, don kaska na nan jingim cikin ciyawa.