Yini guda a Kyoto: daga Fushimi Inari zuwa fadar Nijo

Ɗan'uwa, idan karatu ko aiki ya kawo ka Japan, kada hutunka na farko ya ƙare a ɗaki. Ka nufi Kyoto, amma ka yi sammako. Daga babbar tashar garin, jirgin layin Nara zai sauke ka a Inari cikin kamar minti biyar, kana fitowa sai ga ƙofar Fushimi Inari. Ba a biyan ko sisi, ba a kuma rufewa dare da rana. Wanda ya kai hantsi kuwa, ƙeyar mutane zai yi ta kallo.

Wurin bautar mabiya Shinto ne, addinin gargajiyar Japan, tun shekarar 711. Dubban jajayen ƙofofin katako sun jeru har kan dutse, kowace da sunan wanda ya ba da ita a bayanta, galibi 'yan kasuwa da kamfanoni, domin Inari abin bautarsu ne na shinkafa da albarkar ciniki. A bakin shiga za ka ga suna wanke hannu suna kurkure baki, can ciki su jefa tsabar kuɗi, su rusuna sau biyu, su tafa sau biyu. Ibadarsu ce. Babu mai cewa ka yi, babu mai hararar ka don ba ka yi ba. Kai dai ka rage murya, ka bi gefen hanya, don a al'adarsu tsakiya ta abin bauta ce.

Bayan azahar ka wuce fadar Nijo, wadda Tokugawa Ieyasu, wanda ya kafa mulkin sojan gidan Tokugawa, ya gina a 1603. A nan jikan gidan na ƙarshe a mulki, Yoshinobu, ya bayyana mayar wa sarkin Japan ragama a 1867. Takalmi ake cirewa, saboda haka duba safarka tun daga gida! Daɓen katakon yana tsuwa kamar tsuntsu in an taka, wai don ya tona asirin mai sanɗa. Ba a ɗaukar hoto a ciki, kuma ƙarfe huɗu ake daina shiga.

Katin zamanka ya kasance a aljihu, doka ce. Riƙe leda, kwandon shara wuyar gani gare shi. Ka tafi da 'yar darduma. Abincin bakin hanya kuma ka tambaya kafin ka ci: ban da naman alade, miyarsu da yawa ana zuba mata mirin, wanda giyar shinkafa ce.