Yadda za ki bi salsalar suna kafin ki laƙaba wa 'yarki: abin da na gano game da Megan

Da matar ƙanena ta haihu a Cardiff, babban birnin yankin Wales a Birtaniya, an raɗa wa jaririyar sunan mahaifiyarmu, Hauwa'u. To, waye a cikinmu zai iya buɗe baki ya kira sunan Hajiya gatsal? Dole a nemi alkunya. Mai jego, wadda a Wales ta tashi, ta ce ranta ya kwanta da Megan. Ƙanena ya kira ni ya ce, "Yaya, ki bincika mana, kada mu ɗora wa yarinya abin da ba mu san ma'anarsa ba." Ga yadda na bi, ko zai amfani wata.

Fara da tambayar ko sunan cikakke ne ko gutsure ne. Nan mutane suka fi yin tuntuɓe. Megan ba suna ne mai zaman kansa ba tun asali. Daga Margaret aka yanko Meg, sai mutanen Wales suka ƙara masa "an", ɗafin da suke sa wa suna don nuna ƙanƙanta da so, kamar yadda suka fitar da Bethan daga Elizabeth. Mu ma haka muke yi: Hadiza ta koma Dije, Maryam ta koma Mairo, A'isha ta koma Shatu. Wanda ya je neman ma'anar Dije ba tare da ya koma ga Khadija ba, zai dawo hannu rabbana.

Daga nan ki bi uwar sunan har inda ta tsaya. Margaret ya fito daga kalmar Girkanci margarites, wato lu'ulu'un da ake cirowa daga teku. A nan na daɗe, domin wani abu ya ja hankalina. Masana harshe da dama suna ganin kalmar Larabci marjan daga wannan tushen ta gangaro, ta hanyar harshen Suriyanci. Ita ce murjanin da iyayenmu mata ke ratayawa a wuya, ita ce kuma a cikin sunan Murjanatu, kuma Suratur Rahman ta ambaci lu'ulu'u da murjani a aya ɗaya. Ashe Megan da Murja 'yan ɗaki ɗaya ne, hanya ce kawai ta raba su. Da na gaya wa Hajiya haka a waya, sai da ta yi shiru, sannan ta ce, "To ai wannan namu ne."

Ki duba su wa suka ɗauki sunan kafin ya zama yayi. Cikin waɗanda suka fito da shi sarari a Birtaniya akwai Megan Lloyd George, 'yar David Lloyd George, firaministan Birtaniya daga 1916 zuwa 1922, wanda da harshen Wales ya tashi. An haife ta a 1902, kuma a 1929 ta ci kujerar majalisa ta Anglesey, mace ta farko da ta wakilci wata mazaɓa ta Wales. Ni wannan ya fi min komai daɗi, domin ina son yarinya ta girma ta ji cewa takwararta ta taɓa buɗe ƙofar da take rufe.

Game da farin jini, kada ki dogara da ji-ta-ji-ta, akwai alƙaluma a hukumance kuma kyauta ne. Ofishin ƙididdiga na Birtaniya, ONS, yana fitar da jerin sunayen jariran Ingila da Wales duk shekara, hukumar Social Security ta Amurka kuma tana da nata tun daga 1880. Ki duba shekaru da yawa a jere, ba shekara ɗaya ba. Megan ya yi tashe a Amurka a shekarun 1980 da 1990, a Ingila da Wales kuma yana cikin goman farko a ƙarshen shekarun 1990. Yanzu ya ja baya sosai. Ma'ana, 'yarmu za ta fi samun masu sunan a cikin malamanta fiye da 'yan ajinta, kuma hakan ya yi mana.

Rubutu ma abin lura ne. Akwai Meghan, irin na Meghan Markle da ta auri Yarima Harry a 2018, akwai Meagan. Wasu suna ɗauka waɗannan na Ireland ne, alhali duk rassan na Wales ne da aka sauya wa harafi. Mun tsaya a kan Megan, yadda masu shi suke rubutawa.

Abu na ƙarshe, ki sa sunan a bakin mutanen gida. 'Yan Wales suna furta shi da gajeren wasali, Me-gan, wasu Amurkawa su ce Meigan, a Ostireliya kuma a kan ji Migan. Na sa Hajiya da gwaggonmu suka faɗa sau uku-uku a waya, babu wadda harshenta ya sarƙe, kuma bai yi kama da wata kalmar banza a Hausa ba. Ranar da aka yi wankan arba'in, Hajiya ta aiko da ɗan sarƙar murjani ja a cikin kayan jaririya, mai jego ta ɗaura mata a hannu.