Sabon inji, tsohuwar kwamfuta: kurakuran da na gaji da gani

Mota ta yi wata guda a gareji, an ɗora mata sabon inji, sitata na juyawa amma ta ƙi tashi, mai ita sai zagin rewaya yake yi. Sau da yawa rewaya ba shi da laifi. Kwamfutar mota ba ta ganin inji, saƙon da sensa ke aiko mata kawai take ji, kuma yaren zamaninta kaɗai ta iya.

Kuskuren da ya fi cin kuɗina shi ne na haƙoran kiranshaf, wato sandar da fistin ke juyawa a cikin inji. Akwai faifai mai haƙora da ke juyawa tare da shi, sensa na ƙirga su, da wannan ƙirgen kwamfuta ke sanin inda fistin yake, ta ba fulogi wuta a kan lokaci. Wani injin haƙora 36 ne an cire ɗaya, wani 60 an cire biyu. Ko a gida ɗaya ana samun bambanci: injinan LS na kamfanin GM sun fara da ƙirgen 24, daga baya suka koma 58. Ka ba kwamfutar 24 inji mai 58, ka yi ta murza makulli har batir ya mutu, ba za ta amsa ba. Ni da kaina na canza famfon mai, na canza koyil, na sayi fulogi sau biyu, mako uku ina fama, kafin na tsuguna na ƙirga haƙora. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa a lokacin. Yanzu kafin inji ya shiga mota sai na ƙirga, na kuma duba sensar: mai waya biyu ce ta maganaɗisu, ko mai waya uku da ke buƙatar wuta? Ba a musanya su kai tsaye. In ƙirgen bai zo ɗaya ba, ko dai ka mayar da faifan tsohon inji in zai zauna, ko ka nemi akwatin da ke fassara saƙon. Kuma don Allah ku daina sayar da tsohon inji ranar da aka sauke shi! Rabin maganin yana jikinsa.

Na biyu nozul, wato masu fesa wa inji mai. Kwamfuta ba ta auna man da ya fita, lokacin buɗe nozul kawai take ƙayyadewa. In sababbin sun fi faɗi, mai zai yi yawa: baƙin hayaƙi, fulogi ya yi dauɗa, fetur ya gangara ya tsinka baƙin mai. Mafi muni shi ne juriyar wuta. Wasu nozul suna kusa da om 12 (om shi ne ma'aunin juriyar wuta), wasu biyu zuwa uku ne kacal. Na taɓa jona masu ƙarancin juriya kai tsaye da kwamfutar da ta saba da masu om 12, ban ɗauki mitar awon wuta ba don ina ganin na iya. Ƙaurin da ya fito daga ƙarƙashin dashbod har yau ina jin sa. Mita na hannunka, awon minti ɗaya ne, me ya yi zafi?

Sauran ƙanana ne. Sensar zafin ruwa, ɗauko ta tsohon inji, ita kwamfuta ta sani. Totur na lantarki ba ya jin maganar kwamfutar da ta saba da kebul, ni mai kebul nake mayarwa. Inji mai VVT-i, wato mai sauya lokacin buɗe bawul, zai tashi, amma tunda ba mai sarrafa tayimin ɗin bawul, kada ka yi tsammanin ƙarfin da ka biya kuɗi dominsa. Kada ka haɗa waya don launinsu ya zo ɗaya, nemi zanen wayoyin motocin biyu. Wayar at kuma, wato wadda ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota, ka kankare fenti kafin ka ɗaure ta.

Masu cewa a ɗauko kwamfutar sabon injin kawai a huta, ina tare da ku a lokuta da yawa. Sai dai ku taho da makullinta da na'urar gane makulli, in ba haka ba za ta ɗauke ku ɓarayi ta hana mai.