Yadda za ka sa Kahoot a ajin Turanci

Malam, in yara na gyangyaɗi a darasin Turanci, gwada Kahoot, manhajar wasan tambayoyi ce daga Norway, tun 2013 take. Ka buɗe akawun kyauta ka rubuta tambayoyi goma kan kalmomin da kuka yi satin nan, kowacce da zaɓi huɗu, kana fara wasan za ta ba ka lamba sai yara su shiga kahoot.it su saka. In waya ta yi kaɗan raba su biyar-biyar kan waya ɗaya, wallahi musun da suke yi kafin su danna amsa ma karatu ne. Amma don Allah tambayar da yawancinsu suka faɗi, tsaya ka yi bayani kafin ka wuce. Caji da data kuwa, tun daga gida.